Sauya ƙafar bayan tsohuwar Mustang: aikin da tef ɗin awo ya fi sifana yawan magana

A Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe tana ci a tsakanin masu son mota. Mutum zai samo tsohuwar mota ta shekarun 1960, ya bar mata fuskarta da jikinta yadda kamfani ya ƙera su, amma ya kwashe kayan cikinta, ya dasa mata sabon inji mai ƙarfin doki 400 ko 500. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan baje kolin SEMA da ake yi kowace shekara a Las Vegas ya san irin motocin da nake nufi. Inji shi ake buɗe bonet a nuna wa 'yan kallo. Sai dai abin da yake raba motar da za ta tuƙu da wadda za ta zama kwalliya kawai yana can ƙarƙashi, ta baya, inda ba mai leƙawa sai wanda ya yarda ya kwanta a ƙasa.

Bari mu ɗauki Ford Mustang ta farko, wadda ta fito a watan Afrilun 1964. Ƙafarta ta baya ba ta da wani bambanci na asali da ta Hilux da muka saba gani: aksul guda ɗaya miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin biyu, yana zaune a kan sifirin mai ganye, dama da hagu, da shokazoba biyu. Tsarin yana da arha, yana da juriya, kuma wayonsa shi ne sifirin ɗin nan ba nauyi kawai yake ɗauka ba. Shi yake riƙe aksul kada ya zame gaba ko baya. Shi yake hana shi gocewa gefe idan an sha kwana. Shi ne kuma yake tare shi kada ya murɗe idan an taka totur ko birki. Ma'aikaci ɗaya, ayyuka huɗu. Ranar da ka kwance shi ka jefar, ka kori ma'aikacin nan ke nan, kuma dole ka samo wa kowane aiki sabon mai yi. Yawancin kurakuran da ake tafkawa a wannan aiki daga mantawa da ɗaya cikin huɗun suke tasowa.

To me zai sa a kore shi? Murɗiya. A ce injin yana ba da ƙarfin murɗi na nitan-mita 500. Giya ta ɗaya ta ninka shi kusan sau 3, haƙoran cikin aksul su sake ninkawa sau 3.5. Abin da ya isa tayoyi ya haura 5,000. Yayin da tayoyin suke juyawa gaba da wannan ƙarfi, kwanson aksul ɗin yana neman juyawa baya da daidai wannan ƙarfin, hancinsa, wato inda farfela (sandar da take kawo juyi daga giyabos) take haɗuwa da shi, ya ɗaga sama. Sifirin mai ganye da aka ƙera don injin da bai kai rabin haka ba sai ya lanƙwashe, rabinsa na gaba ya tanƙware sama, ya tara ƙarfi kamar an ja gwafa. Da taya ta ɗan sulɓe sai ya saki, ya dawo da ƙarfi, tayar ta sake kama ƙasa, ya sake lanƙwashewa. Wannan ne yake sa bayan mota ya riƙa tsalle yana dukan kwalta lokacin tashi, har wani lokaci ya karya kuros, wato gaɓar da take ba farfela damar lanƙwashewa, ko sandar aksul. Kamfanonin da kansu sun sha fama da shi. Shelby GT350 ta 1965 sai da aka ƙara mata sanduna na musamman don riƙe aksul. Chevrolet Camaro ta 1967 ta yi ƙaurin suna wajen wannan tsalle, har a 1968 aka raba zaman shokazobarta, ɗaya a gaban aksul ɗaya a bayansa. Ford ma daga baya ta bar sifirin mai ganye a Mustang: a 1979 ta koma hannuwa huɗu, wato sandunan da suke haɗa aksul da jikin mota, da sifirin mai naɗi, a 2005 ta koma hannuwa uku da sandar Panhard mai hana aksul gocewa gefe, a 2015 kuma ta raba tayoyin baya kowace ta ci gashin kanta a duk samfurin motar.

A nan zan faɗi ra'ayina tun kafin mu yi nisa. Ba kowace tsohuwar mota ce take bukatar wannan tiyata ba. Wanda injinsa matsakaici ne, yawon gari kawai yake yi, sabon sifirin mai kyau da shokazoba ta gari da sandunan hana murɗiya sun ishe shi, kuma zai tsira da kuɗinsa. Tsarin hannuwa huɗu da aka ɗaura ba daidai ba bai kai sifirin mai ganye da ke zaune daidai ba. Amma idan ana so a sauke motar ƙasa sosai, a sa mata faffaɗar taya, a kuma iya saita yadda take kama ƙasa, to babu makawa.

Zaɓin da ke gaba iri biyu ne a mafi yawan lokuta. Na farko, hannuwa huɗu da suke kallon gaba kusan a jere, biyu sama biyu ƙasa. Waɗannan suna riƙe gaba da baya da murɗiya, amma ba ruwansu da gocewa gefe, don haka sai an ƙara sanda ta biyar a gicciye, wato sandar Panhard, wadda ta samo sunanta daga wani tsohon kamfanin mota na Faransa. Wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin Land Cruiser samfurin 80 ya ga irin wannan. Na biyu, a karkatar da hannuwan sama su yi kamar bakin almakashi, ta yadda su da kansu za su hana gocewar, a huta da sanda ta biyar. Yana ba da sarari ga salansa da tanki, amma yana ɗora wa hannuwan sama aiki biyu masu karo da juna, kuma idan mota ta kwanta a kwana sukan cije. Akwai kuma tsarin Watt, wanda asalinsa James Watt ne ya ƙirƙiro shi don injin tururi ya yi rajistarsa a 1784. Ya fi Panhard riƙe aksul a tsakiya, ya kuma fi ta tsada da cin wuri. Shi kansa aksul ɗin, galibi masu wannan aiki na Ford mai inci 9 suke nema, wanda kamfanin ya ƙera daga 1957 zuwa 1986. Ana son sa ne saboda ƙarfinsa, da kuma yadda ake zaro tulun haƙoransa gaba ɗaya ta gaba a sauya a kan tebur. Ford ta daina yin sa, amma kamfanoni irin su Currie da Moser da Strange suna ƙera sabbi har yau.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, akwai tambayar da dole a amsa: a wane tsayi motar za ta zauna idan an gama? Ba tsayin da take a kan jak ba, ba tsayin da take da babu inji da tanki ba. Tsayin da za ta yi tafiya a kai, da mai a tanki, da direba a kujera, da ainihin tayoyin da za a sa mata. Duk wani awo da zai biyo baya, karkatar hannuwa, kwanciyar Panhard, kallon hancin aksul, tsawon shokazoba, tsawon farfela, a kan wannan tsayi ake yin sa. Idan aka canza shi daga baya da 'yan santimita, duk sauran sun tashi daga inda aka ajiye su. Shi ya sa ƙwararru suke kafa jikin motar a kan sanduna masu ƙarfi a daidai wannan tsayi, su daidaita ta da ma'aunin ruwa dama da hagu, sannan su sa ƙarfe miƙaƙƙe mai huda biyu a gurbin kowace shokazoba don ya riƙe aksul a inda zai zauna. Sifirin ba ya shiga sai can ƙarshe.

Sai kuma a duba abin da za a ɗaura kayan a jikinsa. Mustang ta wancan zamani ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura; jikin motar shi ne shasinta, ƙarfe ne sirara da aka naɗe aka haɗa. Bayan shekara hamsin da ɗoriya, tsatsa takan ci dogayen ƙarafan baya daga ciki, waje yana sheƙi da fenti. Ka tuna lissafin nan na sama: idan tazarar kunnuwan sama da na ƙasa a jikin aksul, wato ƙarafan da ake ɗaura bakin hannuwa a kansu, santimita 20 ce, kuma tayoyin sun kama ƙasa sosai, murɗiyar nan za ta zama jan da ya haura tan biyu da rabi a hannuwan sama. A da babu abin da yake jan bene a wannan wuri. Don haka ake yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a ƙara faranti masu kauri inda kunnuwa za su zauna, a kuma haɗa gaban motar da bayanta da dogayen ƙarafa ta ƙarƙashi. Kyakkyawan hannu a kan ruɓaɓɓen bene, ado ne a kan gini marar tushe.

Daidaita aksul da jikin mota aikin magina ne fiye da na kanikawa. Ana nemo tsakiyar motar daga ramukan da kamfani ya huda a shasi, ba daga madigadi ba, domin fatar jikin tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. Da wuya ka samu wadda ba a taɓa bugawa an gyara ba. A sauke zare mai dalma daga waɗannan wurare, a yi alama a daɓe, a ja layin tsakiya da alli. Sannan a sauke zaren daga bakin aksul dama da hagu. Nisan kowane gefe daga layin tsakiya ya zama ɗaya. Nisan tayar gaba da ta baya, wanda a Mustang ta 1965 zuwa 1970 inci 108 ne, kusan santimita 274, ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. A ƙarshe a auna a gicciye, daga gaban dama zuwa bayan hagu, daga gaban hagu zuwa bayan dama, kamar yadda mai gini yake gwada ko ɗaki ya yi murabba'i. Idan aksul ya karkace ko da 'yan milimita ne, bayan motar zai riƙa tura ta gefe, direba ya riƙe sitiyari a karkace, motar tana tafiya kamar kaguwa, tayoyi suna cinyewa ta gefe ɗaya. Mai saitin tayoyin gaba zai iya ɓoye alamar, amma cutar tana nan.

Wani tarko a nan: kada a ɗauka tulun aksul shi ne tsakiya. A motoci da yawa hancin aksul a ɗan gefe yake da gangan. Daga fuskokin da wili yake zama a kai ake awo.

Yanzu ga inda ilimin yake. Ka tsaya a gefen motar, ka dubi hannun sama da na ƙasa. Ka ja layi a zuciyarka daga kowanne, ka miƙar da shi gaba. In dai ba a jere suke sak ba, layukan biyu za su haɗu a wani wuri, wataƙila a ƙarƙashin kujerar direba, wataƙila kusa da giyabos, wataƙila can gaban bamba. Wannan mahaɗa, ko da yake babu ƙarfe a wurin, ita ce inda aksul yake tura motar. Sai ka ja layi na uku, daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa wani wuri a saman tayar gaba, a daidai tsayin cibiyar nauyin motar. Idan mahaɗar ta faɗo a kan wannan layi, motar za ta tashi ba tare da bayanta ya durƙusa ko ya ɗaga ba. Idan ta faɗo ƙasa da shi, baya zai zauna idan an taka wuta. Idan ta hau samansa, baya zai ɗaga, aksul ya danna tayoyi ƙasa da ƙarfi a karon farko. Masu tseren miƙaƙƙiyar hanya, waɗanda duk rayuwarsu mita 402 ce, suna son wannan dannawar. Amma komai yana da farashinsa. Tsarin da yake danna taya idan an taka totur, shi ne yake neman ɗage ta idan an taka birki da ƙarfi, baya ya fara tsalle a daidai lokacin da ake shirin shiga kwana. Shi ya sa kunnuwan da ake sayarwa suke zuwa da ramuka uku ko huɗu a jere: kowane rami yana matsar da mahaɗar.

Ga motar titi, mafari mai aminci shi ne hannun ƙasa ya kwanta daidai da ƙasa, na sama kuma ya ɗan sunkuya ta gaba. Dalilin kwantar da na ƙasa ba na kyan gani ba ne. Bakin hannu da'ira yake zagawa, ba miƙe yake hawa ba. Idan a kwance yake, hawa da sauka kaɗan ba sa canza nisan aksul sosai. Idan kuwa a karkace yake tun farko, to da motar ta kwanta a kwana, gefen da ya nutse zai tura aksul baya, gefen da ya ɗaga ya jawo shi gaba, ko akasin haka. Aksul ya juya ke nan, bayan motar ya fara tuƙa kansa ba da izinin direba ba.

Wannan dokar da'ira ita ce take mulkin sandar Panhard, kuma a nan lambobi sun fi baki iya bayani. Sanda mai tsawon santimita 90, a kwance, idan aksul ya hau santimita 7.5, za ta ja shi gefe da kusan milimita 3. Ba komai. Amma a ce an ɗaura ta tun farko bakinta ɗaya ya fi ɗayan tsayi da santimita 7.5, sannan motsin ya ƙara mata wasu 7.5 ta wannan fuskar. Jan gefen zai kai kusan milimita 9 da rabi. Ninki uku, daga sanda ɗaya, saboda karkata kawai. A motar da aka cusa wa faffaɗar taya har tazararta da madigadi bai fi kaurin yatsa ba, wannan ya isa ya yanka gefen taya. Saboda haka a yi ta da tsawo iyakar yadda wuri ya bari, a kuma kwantar da ita. Tsayin da take zaune shi ma magana ne, domin kusan a nan ne bayan motar yake jingina idan zai kwanta: a ɗaga ta, kwanciya ta ragu amma baya ya fi saurin sulɓewa, a sauke ta, baya ya fi kama ƙasa amma jiki ya fi rausaya.

Sai kallon hancin aksul, wanda a ganina shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kuros ɗin farfela yana da wata ɗabi'a: idan yana aiki a lanƙwashe, ba ya isar da juyi a daidai. Ko da giyabos yana juyawa da gudu ɗaya, farfela takan ƙara sauri ta rage sau biyu a kowane zagaye. Maganin shi ne kuros na biyu, na wajen aksul, ya lanƙwashe da daidai wannan kwana don ya warware abin da na farko ya ƙulla. Wannan yana faruwa ne idan layin giyabos da layin hancin aksul suna tafiya a jere. Galibi inji da giyabos sukan sunkuya ta baya da kusan digiri 3, don haka hancin aksul ya kamata ya ɗaga da kusan digiri 3. Ba wai ya kalli giyabos kai tsaye ba, kamar yadda wasu suke zato. Ana so bambancin kwanar kuros biyun kada ya wuce digiri ɗaya, kowace kuma kada ta wuce kamar digiri 3 a motar gudu. Abin mamaki, ba a kuma son ta zama sifili, domin idan babu lanƙwasa ko kaɗan, ƙananan alluran da ke cikin kuros ba za su motsa ba, sai su zauna wuri ɗaya su huda wa kansu gurbi.

Don a ga girman abin: taya mai tsayin santimita 66 a gudun kilomita 120 tana zagaye kusan 965 a minti. A ninka da 3.5, farfela tana yin kusan 3,400. Sau biyu a kowane zagaye, ya zama girgiza fiye da 110 a daƙiƙa guda. Ita ce gurnanin nan da yake shigowa ta kujera a wani gudu na musamman, a yi ta zargin taya ana kai ta balansin a banza.

Kuma hancin ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Idan an taka wuta yana ɗagawa, gwargwadon laushin abin da ke riƙe da shi. Sifirin mai ganye yakan bar shi ya ɗaga digiri da dama. Hannuwa huɗu masu bushin na roba, ƙasa da haka. Masu ƙwallon ƙarfe a baki, ɗan kaɗan. Shi ya sa ake ɗan sunkuyar da shi ƙasa da inda lissafi ya nuna, don ya iso daidai lokacin da yake ɗauke da kaya. Ana saita shi ta tsawaita ko gajarta hannuwan sama, amma duk juyi ɗaya da aka yi wa na dama a yi wa na hagu, in ba haka ba a gyara hanci a ɓata daidaiton da aka sha wahalar samu da zare da alli. Bayan an gama ne ake auna tsawon farfela a kai a yanka, a bar mata wajen santimita 2 zuwa 2 da rabi na shiga da fita a bakin giyabos. Wanda ya yanka farfela tun farko yakan saya sau biyu.

Shokazobar da ake sawa a irin wannan aiki ita ce mai sifirin naɗe a jikinta, koyiloba, da zobe mai zare da ake murzawa a ɗaga ko a sauke. Zoben nan yana yaudarar mutane. Gani suke tun da ana murza shi, kowane tsayi ma za a samu. A'a. Shokazoba tana da iyakar tafiyarta, a ce santimita 13, kuma ana so a tsayin tafiya ta zauna kusa da tsakiya, rabi ko fiye kaɗan ya rage don nutsewa, saura don miƙewa. Wanda ya sauke mota da zobe har ya cinye wurin nutsewa, duk ramin da ya faɗa ƙarfe ne zai daki ƙarfe. Ƙarfin sifirin kuma daga nauyi ake fitar da shi: idan kowane gefen baya yana ɗauke da kilo 300, sifirin da yake nutsewa milimita ɗaya a kan kowane kilo 3 zai nutse santimita 10. Idan an jingina shokazobar, ƙarfin yana raguwa: a digiri 20 ana asarar kusan kashi 12 cikin ɗari, a digiri 30 kashi 25. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Saboda neman wuri ga faffaɗar taya, akan matsar da shokazobobin ciki, kusa da juna. A kan tudun da tayoyi biyu suka hau tare, ba a jin bambanci. A kwana kuwa, idan tazararsu santimita 90 ce alhali ta tayoyi 150, ƙarfinsu na hana kwanciya bai fi kashi 36 cikin ɗari na abin da zai kasance da a ce a bakin tayoyin suke ba. Mota ta yi tauri a miƙe, ta yi laushi a kwana, mai ita ya rasa gane dalili.

Bakin hannuwa iri uku ne. Roba tana shanye ƙara da girgiza, tana kuma ba da kai idan aksul ya karkata. Foliyuretan ya fi tauri, yana son giris, idan ya bushe yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kuma idan aka sa shi a duk bakuna takwas yakan hana aksul karkata har ya cije. Ƙwallon ƙarfe yana juyawa ko'ina ba cijewa, amma duk tsakuwar da taya ta taka sai ka ji ta a ƙashin bayanka, ƙura kuma tana cinye shi da wuri. Da yawa sukan haɗa: roba a gefen jiki, ƙwallo a gefen aksul. Idan mai zare ne, kada a warware shi har abin da ya rage a cikin hannu ya gaza kaurinsa sau ɗaya da rabi.

Kusoshi kuma akwai rikicin lamba. Kayan Amurka da ma'aunin inci suke zuwa, mai ƙarfinsu shi ne mai daraja ta 8, wanda ake gane shi da zane shida a kansa. A ma'aunin mita kuwa akwai mai lamba 8.8, kuma mutane suna ɗauka ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mai 8.8 kusan daidai yake da daraja ta 5 ta Amurka. Takwaran daraja ta 8 shi ne 10.9. A kuma zaɓi tsawon da zai sa santsin jikin kusar ne yake cikin kunnuwa, ba zarenta ba, kunnuwan kuma su riƙe ta ta gefe biyu.

Har zuwa nan, ba a yi cikakkiyar walda ba. Ɗigo-ɗigo kawai aka yi, wanda za a iya yankewa cikin minti biyar. Kafin a ƙone waya, sai an motsa komai ba sifirin: a sa jak a ɗaga aksul har ƙarshe, a sauke shi har ƙarshe, a ɗaga dama a saki hagu, a juya. A kowane matsayi a leƙa. Taya ta taɓa madigadi ko bangon ciki? Tulun aksul ya daki bene? Farfela ta goga rami? Panhard ta haɗu da salansa? Tiyon birki ya miƙe har ya yi tsirit? Wannan na ƙarshe shi ne mai kisa, kuma shi aka fi mantawa. Robar da take tare bugu ita ya kamata ta fara karɓar aksul kafin shokazoba ta ƙure. Idan a wani wuri jak ya fara ɗaga motar gaba ɗaya alhali tafiya ba ta ƙare ba, wani abu ya cije, a nemo shi.

Waldar kanta tana da nata sharri. Zafi yana jan ƙarfe, don haka idan kunnuwa suka taru a gefe ɗaya na bututun aksul, bututun yakan lanƙwashe ta wajen. Ido ba zai gani ba, boris ne zai gani, ya riƙa mutuwa duk bayan 'yan watanni. Ana zare sandunan aksul da boris da sil, a yi walda gajere-gajere, a tsallaka wancan gefe, a bari ya huce, a dawo. Masu yin abin da gaske sukan zura miƙaƙƙiyar sanda ta ratsa kwanson daga baki zuwa baki don su tabbatar, wasu ma sai an gama kunnuwa suke walda bakunan. A jikin mota kuwa, tanki a waje, batir a cire, kafet da kujerar baya a fitar, domin abin da ke bayan benen nan yana kamawa.

Ɗaurin ƙarshe ba a kan jak ake yin sa ba. Bushin na roba manne yake da bututun ƙarfen da ke cikinsa, ba juyawa yake ba, murɗewa yake. Idan aka ɗaure shi aksul yana rataye, sannan aka sauke motar, zai zauna a murɗe dare da rana, ya ɗaga motar sama da inda aka tsara, ya kuma yage da wuri. Sai a sauke ta a kan tayoyinta, ko a kan dakali huɗu masu tsayi ɗaya don a samu wurin shiga, a girgiza ta, a tura ta gaba da baya ta zauna, sannan a bi kowace kusa da sifana mai awon ƙarfi. Mai sikeli huɗu yakan ɗora ta a kai, ya murza zobba har nauyin gaban dama da bayan hagu ya yi daidai da na gaban hagu da bayan dama. Kowane noti da aka gama a ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin kunne.

Fitar farko a hankali ake yin ta, tagogi a buɗe, rediyo a kashe. Ƙwanƙwasa a kan ƙananan ramuka yawanci notin kulle ne bai kama ba. Gurnani da yake zuwa idan an taka wuta ya ɓace idan an saki, hancin aksul ne. Motar da take jan dama idan an taka, ta ja hagu idan an ɗaga ƙafa, hannu ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo ko wani bushin yana wasa. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita sifirin zai ɗan zauna, tsayin ya sauka kaɗan, don haka a koma daɓen nan mai alli, a sake auna tsayi, a ɗora ma'aunin kwana a kan Panhard da hancin aksul, a bi layukan fentin ɗaya bayan ɗaya a ga ko akwai wanda ya rabu biyu.